Tafiyar ƙasa ta kwana huɗu a duwatsun ƙasar Zuru: a gyara mana tsari

Nasiru: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Mu shida ne, duk samari, muna son yin tafiyar ƙasa ta kwana huɗu cikin Disamba, mu ratsa duwatsu da ƙauyukan ƙasar Zuru, kowa da jakarsa a baya. A takarda mun sa kilomita 30 kullum, 120 ke nan gaba ɗaya. Waɗanda suka san harkar su taimaka su gyara mana: takalmi, ruwa, guzuri, makwanci, da abin da ke ɓata irin wannan tafiya.

Bala Safiyo: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, fara goge 30 ɗin nan. Akwai tsohon lissafin masu hawan dutse na ƙasar Sikotilan tun 1892: kilomita 5 a awa ɗaya, sannan a ƙara awa guda kan kowace mita 600 da aka hau. Amma wancan na mutum ne marar kaya a ƙasa mai sanyi. Mai jaka a baya, a turbar ƙauye, ka ba shi kilomita 4. Cikin duwatsu da tsakuwa 3, wani wurin ma 2. Ɗauki yini mai kilomita 20 da hawa mita 300: awa biyar na tafiya, rabin awa na hawa, awa ɗaya na hutun minti goma-goma bayan kowace minti 50. Awa shida da rabi ke nan, ba a sa sallah da cin abinci ba. A Disamba rana tana fitowa wajen ƙarfe 7, ta faɗi wajen 6:20. Cire tsakar rana daga 12 zuwa 2:30, ka ga abin da ya rage. Ranar farko ku yi 14 ko 15, ta biyu 18 zuwa 20. Rana ta uku ce ke kayar da mutane, domin a nan gajiyar kwana biyu take haɗuwa da ciwon ƙafa, don haka ku sa ta zama mafi gajarta.

Tsohon Saje: Kafin a kai ga kilomita, a tsaya. Wace ƙasar Zuru? Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Zuru, Fakai, Danko/Wasagu da Sakaba. Yankunan Danko/Wasagu da Sakaba da suka yi iyaka da dazukan Zamfara da Neja sun sha fama da 'yan bindiga, kowa ya sani, kuma Fakai ma ba ta tsira ba. Ba wanda zai zauna a Birnin Kebbi ya zana layi a taswira ya ce nan zan bi. Hanyar da ke lafiya wannan mako tana iya lalacewa mako mai zuwa.

Kabiru: Ni shawarata a bar maganar gaba ɗaya. Manomi bai iya zuwa gonarsa ba, sai baƙo da jaka? Rigakafi ya fi magani.

Ɗan Rikoto: Kabiru, maganarka tana da gaskiya amma ka yi wa ƙasar kuɗin goro. Mutane na zuwa kasuwa, yara na zuwa makaranta, ana biki. Abin da za a gyara shi ne siffar tafiyar. Maimakon a miƙe layi ɗaya zuwa cikin daji, a yi sansani a garin Zuru ko Dabai, kullum a fita da sassafe a zaga a dawo, ko a kwana a ƙauyen da ke bakin kwalta. Gundumomi irin su Senchi, Manga, Bedi, Isgogo da Tadurga duk suna cikin ƙaramar hukumar Zuru, amma ko su ba zan ce ma wannan lafiya wancan ba lafiya a nan ba. Mutanen wurin ne za su gaya maka, kuma a makon da za ka tafi.

Kabiru: To in zagaye ne ana dawowa, ina tafiyar nesa a ciki?

Ɗan Rikoto: Ƙafa ba ta san layi ko zagaye ba, yayana. Kilomita 70 a kwana huɗu 70 ce.

Baba Manu: Ɗana Nasiru, ka ji ta Saje ka riƙe. Fataken da sunka riƙa tahiya Gwanja sayen goro, suna bi ta Jega da Yawuri, ba da mil su ka lissahi ba, da zango su ka yi. Zango kuwa ruwa da mutane ka yin shi. In da ruwa da garin da anka san da zuwanku, nan a zango ko da hantsi kunka iso. In babu, ba zango ba na ko ƙahwa ta gaji. Kuma ayari ba shi tashi sai da madugu mai yanke magana, da jagaba da ka shiga gaba. Ku shida ku zaɓi ɗaya tun gida. In yac ce a koma, a koma, ba gardama bisa dutse. Wanda duk yaf fi ku rauni shi za a sa na biyu a layi, tahiyarshi ita a tahiyar kowa. Mai ƙarhi shi tsaya baya.

Tsohon Saje: Baba ya gama magana. In ƙara da abin da samari ba sa tunani: haɗarin farko ga baƙo mai jaka ba ɗan bindiga ba ne, zargi ne. Mutum shida da ba a sani ba, suna duba waya suna nuna dutse, 'yan sa-kai za su ɗauke su masu kai wa ɓarayi rahoto, kuma ba su da laifi in sun yi tsoro. Maganinsa takarda da gabatarwa. Mako biyu kafin tafiya a rubuta wa uban ƙasa da DPO na yankin, da sunayen kowa, lambar waya, ranaku da ƙauyukan da za a bi. Kowa ya riƙe kwafi da katin ɗan ƙasa a aljihun gaba, ba ƙasan jaka ba. Kada kowa ya sa tufa ko hula ko jaka mai zanen kayan soja, doka ta hana farar hula. Ba adda a bayyane, ƙaramar wuƙa cikin jaka ta isa. Ba ɗaukar hoton shingen jami'an tsaro. Jirgin nan marar matuƙi na ɗaukar hoto a bar shi gida. Kuma kada a sa hanya ko hoto a Facebook ko WhatsApp sai an dawo.

Nasiru: Na gode Baba Saje. Uban ƙasa shi ne hakimi ko?

Malam Shehu: A nan yammaci uban ƙasa shi ne wanda Kanawa ke kira hakimi, hakimi kuma shi ne dagacinsu. Ƙarƙashinsa mai unguwa. Ku bi tsanin daga sama, kada ku tsallake.

Ɗan Rikoto: Kuma ɗan jagora dole ne, da ɗan gari akan ci gari. Amma ga inda ake kuskure: a ɗauki mutum ɗaya a ce ya kai ku kwana huɗu. Jagora a ƙasarsu kaɗai yake jagora, in ya wuce iyakar ƙauyuka biyu ko uku shi ma baƙo ne. Hakimin da kuka kwana wurinsa ya ba ku mutum, ya kira na gaba a waya, a miƙa ku hannu da hannu. A yi cinikin ladansa kafin a tashi, har da kuɗin babur ɗin da zai mayar da shi. A samu mai jin C'lela, harshen Lelna da Hausawa ke kira Dakarkari, domin ko da yake Hausa ta game ko'ina, tsofaffi sun fi sakin jiki da harshensu. Wani abu kuma: bisa duwatsun nan akwai kufai. A ƙarni na 19 mutane sun zauna can sama don tsira daga hare-hare, musamman daga ɓangaren Kontagora, daga baya aka sauko. Akwai kaburbura da wuraren al'ada da har yau ake girmamawa. In jagora ya ce nan ba a shiga, ba a shiga. Ba a ɗaukar ko katangar tukunya. Girmache, wurin al'ada da ke Zuru mai kadoji, shi ma da izinin masu kula da shi ake zuwa. In tafiyarku ta faɗa lokacin bikin gargajiya na Uhola na wani gari, ku tambaya tukuna abin da baƙo ke iya kallo.

Anti Ladi: To a zo ga ƙafa, don ita ce motar. Sabon takalmi shi ne abokin gaba. A saye shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a gwada da safar da za a yi tafiyar da ita, a bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin. Sannan a taka shi aƙalla mako uku kafin ranar. A yanke farce kwana biyu kafin tashi, a miƙe, kada a zagaye gefe. A gangare yatsu ke dukan gaban takalmi har farce ya yi baƙi ya fita, saboda haka kafin sauka a tsaya a ƙara ɗaure igiya a wuyan ƙafa.

Kabiru: Anti, Fulani na yin tafiyar wata da takalmin roba. Duk wannan na mene ne?

Anti Ladi: Ƙafar makiyayi ta yi kanta tun yana yaro, Kabiru. Ƙafar da ta saba da ofis da babur, roba za ta dafa ta cikin awa uku, don ba ta shan zufa. Kambas mai kaurin ƙasa da zane mai zurfi ya wadatar, ba sai but mai nauyi ba. In na gwanjo ne, gam ɗinsa ya riga ya bushe, a kai wa mai gyaran takalmi ya zagaye shi da ɗinki, in ba haka ba ƙasan zai ɓare a rana ta biyu. Safa kada ta zama ta auduga zalla, tana riƙe zufa. Irin ta 'yan ƙwallo ta fi, ƙafa uku: ɗaya a ƙafa, ɗaya tana shanya a bayan jaka, ɗaya busasshiya don kwana. Da an ji wani wuri na zafi a tsaya nan take a manna filasta, kada a ce sai an kai inuwa, minti goma ke mayar da shi bororo. In bororon ƙarami ne a rufe shi a bar shi. In babba ne yana hana taku, a wanke, a huda gefensa da sabuwar allurar sirinji, a matse ruwan, a bar fatar a wurinta, a sa aidin da bandeji. Da dare a wanke ƙafa a shafa man kaɗanya saboda faso. Tsakanin cinyoyi ma a shafa da safe, gugar wando tana tsayar da ƙato.

Bala Safiyo: Jaka kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita. Mai kilo 60, kilo 12 ke nan, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In ka ɗauki lita 4 saura kilo 8 na komai da komai. Mai nauyi a sa shi jikin baya a tsakiya, bargo a ƙasa, abin da ake buƙata a hanya a sama. A samu jaka mai ɗamarar ƙugu, ƙugu ya ɗauki kayan ba kafaɗa ba. Tanti ba shi da amfani tunda cikin gari za a kwana. Gidan sauro, leda mai kauri ta shimfiɗa, bargo marar nauyi da rigar sanyi. Da asuba a Disamba sanyi kan sauko wajen digiri 15, kuma jikin da ya gaji ya fi jin sa.

Hauwa'u: Maganar ruwa nake jira. Hunturu mayaudari ne: iska na busar da zufa kafin ka gan ta, sai mutum ya ɗauka bai rasa ruwa ba. A lissafa rabin lita kowace awa ta tafiya, wato leda ɗaya ta fiya wata, in rana ta yi zafi a ƙara. Da na safe da na dare, mutum zai sha lita 5 zuwa 6 a yini. Ba za ka ɗauke su duka ba, don haka dole a san inda za a cika a tsakiya, kuma a tambaya ko famfon tuƙa-tuƙan yana aiki a wannan makon, ba ko akwai shi ba. A raba ruwan cikin gorar roba ta lita ɗaya da rabi guda biyu da ƙarama a hannu, in ɗaya ta fashe ba a rasa duka ba. Ruwan rijiya ko na rafi: in ya yi gurɓi a tace da ƙyalle mai tsabta, a sa ɗan alif ya kwanta, a tsiyaye na sama. Sannan ko a tafasa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a jefa ƙwayar kulorin irin Aquatabs a jira minti 30. Ƙwayar girma-girma ce, wata ta lita ɗaya wata ta jarka, a karanta kwalin. Alif kaɗai ba ya kashe ƙwayar cuta, ido kawai yake wanke wa ruwan.

Aminu Gusau: Yaya Hauwa'u, a ƙara da wannan don ya shafe mu a Zamfara. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Tafasawa ba ta cire dalma, kulorin ma ba ta cirewa. Duk ramin da aka haƙi zinare ko kududdufin da ake wanke ƙasa a ciki, ko ruwansa ya yi garau, ba a sha, ba a girki da shi. Ƙasar Yawuri da Fakai ma ana haƙa. Ban da haka wurin haƙar ma'adinai ba wurin da baƙo zai tsaya ba ne.

Anti Ladi: Haka ne. Kuma ba a wanka a tafki ko ruwan da ke kwance, tsargiya ta fata take shiga. A ɗebo a guga, a yi wanka da wanda aka sa wa magani. Awon ruwan jiki kuwa fitsari ne: in ya yi ja kamar shayi, ko an yi awa biyar ba a yi ba, an makara. Kowa ya riƙe ORS, wato garin gishiri da sukari da ake damawa a sha, leda shida. In ya ƙare: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada gishirin ya fi na hawaye. Ciwon kai, jiri da ɗaurewar jijiya: inuwa, a kwance kaya, a sha a hankali. Amma in mutum ya fara magana ba kan gado ko tangaɗi, wannan ya wuce gajiya. A jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nemi babur zuwa asibiti nan take.

Hauwa'u: Guzuri kuma a bar gwangwani da taliyar yara, nauyi ne da neman wuta. Giram 600 zuwa 700 na busasshen abinci a yini ya isa, tunda da dare za a ci tuwo a gari. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, soyayyar gyaɗa, dabino, aya, dakuwa, kilishi ko dambun nama. Gyaɗa ta fi gari ba da ƙarfi in aka auna nauyi da nauyi, don haka ita za a yawaita. A ɗaura na kowace rana a ledarsa daban, in ba haka ba za a cinye na kwana uku a kwana biyu. A ci kaɗan-kaɗan duk hutu. Cika ciki da rana na kawo kasala. Fura da nono a hanya da daɗi, amma a dama da ruwanku.

Baba Manu: In kunka ishe garken shanu bisa burtali, ku raɓa gehe ku tsaya su wuce, kar ku ratsa tsakiya, balle kusa ga saniya mai sabon maraƙi. Ruga kuwa daga nesa a ka sallama, a jira mai gida shi hito shi tsawata ma karnuka. Disamba wasu ba su ƙare kwashe dawa da wake ba, ku bi iyakar gona, kar ku taɓa ko zangarniya guda. Sanda dole ta, mai kai ma ƙirji, ta gora. Da ita a ka bugun haki kahin a taka. In maciji yas sari mutum, mu dai abin da munka sani a ɗaure sama da wurin da igiya.

Anti Ladi: Baba, Allah ya ƙara girma, sanda da bugun ciyawa daidai ne, amma ɗaurin nan a bar shi. Macijin da ya fi kashe mutane a irin ƙasarmu kububuwa ce, wadda ake kira gobe da nisa, tana son tsakuwa da gindin duwatsu, kuma kaka lokacinta ne. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. In aka tsaga wurin da reza jini ba zai tsaya ba. In aka ɗaure tamau, ga kumburin dafi ga rashin jini, sai ƙafar ta ruɓe. Tsotsa da baƙin dutse ba sa fitar da komai, lokaci kawai suke ci. Abin yi: a janye shi daga wurin, a zaunar da shi, a cire zobe da agogo da takalmi, a ɗora wa ƙafar itace a naɗe sako-sako kamar karaya don kada ta motsa, a rubuta lokacin, a ɗauke shi. Kada ya taka. Farasitamol kaɗai, ban da asfirin da ibuprofen da diclofenac, suna ƙara zubar jini. Haɗarinta shi ne mutum na iya jin sauƙi yini guda, sai dasashi ya fara jini. A asibiti ana zuba jininsa a kwalbar gilashi a jira minti 20, in bai daskare ba ana ba shi allurar kashe dafi. Ba kowane asibiti ke da ita ba, saboda haka ranar da kuka isa Zuru ku je ku tambaya inda take kafin ku taka daji. Kumurci in ya tofa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa kamar minti 15, sannan asibiti.

Baba Manu: Na karɓa, ɗiyata. Ilimi gaba shi ka yi. Su dai kakkaɓe takalmi da sahe sabadda kunama, kuma kar a sa hannu ramin dutse.

Bala Safiyo: Kan dutsen kansa: duwatsun Zuru ba irin tuddan marmara masu shafaffen kai na wajen Kalgo da Dukku ba ne. Tsohon dutse ne mai tauri. Falalen dutse in ya bushe yana kama takalmi da kyau. Abin da ke kayar da mutum shi ne tsakuwar da ke kwance a kansa, busasshiyar ciyawa, da ɓawon dutse da rana ta ɗaga, wanda in ka buga da sanda za ka ji yana amo kamar ƙwarya. Sauka ta fi hawa haɗari. Gajeren taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, a riƙa karkacewa hagu da dama. Kada wani ya tsaya daidai ƙasan wani, dutsen da ya gangaro ba ya sallama. A sa lokacin juyawa tun ƙasa: ƙarfe 3 kowa na sauka, an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Zuma na zama a kogo, don haka ba turare, ba hayaƙi, ba ihu kusa da tsaguwar dutse. Sai gobarar daji, wadda lokacinta ke nan. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kuma wuta ta fi gudu in tana hawa tudu. Kada a gudu sama cikin ciyawa. A nufi falalen dutse, ko gonar da aka share, ko inda ya riga ya ƙone.

Nasiru: Taswirar waya fa, Yaya Bala? Za ta iya maye gurbin jagora in ba a samu ba?

Bala Safiyo: A'a. Yawancin turbobin ƙauye ba sa ciki, wasu ƙauyukan ma da wani suna aka rubuta su. Amfaninta ta nuna inda kake da inda kwalta take. A sauke taswirar yankin tun gida, GPS na aiki ba sabis. Waya biyu a kunne a yanayin jirgin sama, sauran a kashe, layuka daban-daban, da fawa banki mai ƙarfin 20,000mAh guda biyu. A rubuta jerin ƙauyuka da lambobi a takarda kuma. In hazo ya sauko, dutsen da kake auna hanya da shi ɓacewa yake yi.

Aminu Gusau: Kuma sabis ba abin dogaro ba ne. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda tsaro. Ga masu sha'awar hawan Dutsen Kwatarkwashi a ƙasar Bungudu ta Zamfara, wanda aka sani da kamun maiki a da: hawan yini ɗaya ne daga Gusau, a je da safe ta hannun fadar garin a dawo da rana. Ba a haɗa shi da tafiyar kwanaki, kuma ba na ba kowa shawarar ratsa dajin Zamfara da ƙafa yanzu.

Malam Shehu: Sallah kuma. A mazhabar Malikiyya ƙasaru sai tafiya ta kai mil 48, kilomita 80 da ɗoriya, a tafiya ɗaya ban da dawowa. Mai zagaye yana komawa masauki ba zai yi ƙasaru ba. In ruwan da ke hannu na sha ne kawai kuma ana tsoron ƙishi, taimama ta halatta, ga ƙasa ga dutse. Alƙibla daga nan tana wajen digiri 70, gabas mai karkata arewa. A Disamba rana tana fitowa ta karkata kudu sosai, don haka wanda ya fuskanci mafitarta ya kauce. Ya juya hagu kamar digiri 45. Ƙasar Zuru akwai Musulmi da Kirista da masu bin al'ada, wani lokaci cikin gida ɗaya. Duk inda aka sauke ku, ku gaida mai gida da goro ko sabulu da sukari, ku ci abin da ya halatta gare ku, ku ƙi sauran da ladabi.

Tsohon Saje: A bar mutum ɗaya a gida da takardar hanya. Kira biyu kullum, 6:30 na safe da 5 na yamma. In awa biyu ta wuce ba kira, ya kira hakimin zangon, in bai samu ba ya kira DPO. Biyar na yamma ta same ku cikin gari, ba tafiyar dare ko da farin wata. In kun iso ƙauye kun tarar ba mata ba yara ba kaji, ko kun ga sawun babura da yawa sun nufi daji, ku juya ta inda kuka fito. In hakimi ya ce kada ku wuce, ku hau mota, ba sai ya faɗi dalili ba. Kuɗi a rarraba, ƙananan takardu, kowa da na motar komawarsa a jikinsa.

Kabiru: Har yanzu raina bai kwanta ba. Amma in za a yi, a gwada jiki a gida tukuna. Asabar uku a jere da cikakkiyar jaka: 10, sannan 15, ta ƙarshe 20 a sake 15 washegari. Hanyar Birnin Kebbi zuwa Kalgo ta isa gwaji. Wanda ya kasa tashi rana ta biyu ya haƙura da wannan karon.

Nasiru: Mun karɓa, Yaya Kabiru. Anti, akwatin magani me za a sa?

Anti Ladi: Guda ɗaya na ayari, a jakar madugu: filasta mai faɗi nadi biyu, bandejin roba biyu don targaɗe, auduga da ƙyallen ɗaure ciwo, aidin, almakashi, ɗan hantsaki na cire ƙaya da ƙarangiya da kaska, allurar sirinji biyar, farasitamol, maganin ƙaiƙayi, da safar hannu. Mai asma ko ciwon suga ko farfaɗiya ya ga likita kafin ya sa suna, ya riƙe maganinsa a jikinsa, sauran su san inda yake. In an dawo kuma ba a gama ba: zazzaɓi cikin wata ɗaya a je a yi gwajin maleriya, kada a sha magani da ka. Wanda ya ga jini a ƙarshen fitsari, ko bayan wata biyu ko uku ne, ya gaya wa likita ya shiga ruwan rafi.